Kun Tambaya, Mun Amsa: Riƙon OpenBSD a Inda Wuta Ba Ta Zama

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan OpenBSD, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, sai dai ita kyauta ake raba ta, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk mai son ya karanta ko ya gyara. Mun zaɓo shida daga masu karatunmu na karkarar Kano da Jigawa, mun kuma taƙaita gaisuwar da ke cikinsu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ke koyar da kwamfuta a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Ringim. Muna da tsofaffin kwamfutocin tebur guda 10 masu Windows 7, kuma kowane zangon karatu sai an kai su birni an wanke saboda bairos. Wani tsohon ɗalibina da ke jami'a ya ce in sa musu OpenBSD, wai ita ba a taɓa kutsa mata ba. Gaskiya ne, kuma za ta yi mana? Daga Malam Habibu, Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ɗalibinka ya ji magana mai tushe, amma ya ƙara mata gishiri. Masu OpenBSD da kansu ba su ce ba a taɓa kutsa mata ba. Abin da suka rubuta a shafinsu shi ne, a tsawon shekaru masu yawa sau biyu kacal aka gano ɓarakar da mutum zai iya shigowa ta ciki daga nesa, a tsarin da aka girka aka bar shi yadda ya zo. Ta farko a 2002 aka gano ta, ta biyu a 2007. Ka lura da sharaɗin da ke ciki, domin a nan gizo ke saƙa: tsarin yadda ya zo kusan duk ƙofofinsa a rufe suke, kuma babu burauza irin su Firefox a cikinsa, babu manhajar buga takardu. Duk abin da ka ƙara daga baya yana zuwa da nasa raunin, kuma wancan lissafi na biyu bai haɗa da shi ba.

Duk da haka, sunan da ta yi ba a banza ta yi shi ba. Theo de Raadt ne ya kafa aikin a 1995 bayan ya rabu da aikin wata manhaja irinta mai suna NetBSD, kuma daga birnin Kalgari na Kanada yake jagorantarsa har yanzu. Al'adarsu ita ce bin rubutun manhaja layi-layi suna neman kuskure, in suka sami iri ɗaya a wuri guda sai su bi sauran wurare su tsince shi. Daga hannunsu OpenSSH ta fito a 1999, wadda yau da ita ake shiga mafi yawan manyan kwamfutocin intanet daga nesa, har Windows ma tana ɗauke da ita. Katangar tsaronsu mai suna pf ta zo a 2001, sannan a 2014, bayan wata ɓaraka mai suna Heartbleed a manhajar ɓoye saƙon intanet ta girgiza duniya, suka ware nasu reshen manhajar ɓoye saƙo suka kira shi LibreSSL. Bairos ɗin da ke addabar ku kuwa, wanda ke ɓoye fayilolin filash ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, don Windows aka rubuta shi, ba zai motsa a OpenBSD ba.

Sauran tambayarka ita ce ko za ta yi muku, kuma a nan ina da ja. Microsoft Word da Excel da CorelDRAW ba sa aiki a kanta, kuma babu wata dabara mai sauƙi da za ta sa su yi. Akwai LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel tana kuma ajiye su, akwai Inkscape da GIMP don zane da gyaran hoto, amma madannansu ba a wuri ɗaya suke da abin da ke cikin littafin da ɗalibanka ke karantawa ba. Bluetooth babu shi gaba ɗaya, tun 2014 suka cire shi. Katin hoto na Nvidia ba ya samun cikakken tallafi, na Intel da AMD ne ke tafiya daidai. Za ka kuma ji ta ɗan fi nauyi, saboda tun 2018 suka kashe dabarar da ke sa kowace ƙwaƙwalwar inji ta riƙe aiki biyu a lokaci guda, bayan an gano ana iya satar bayani ta wannan hanya, sannan a duk tashi takan ɗauki ɗan lokaci tana sake jera wasu sassanta don kada mai kutse ya san inda komai yake. Tsarin kansa ba ya cin RAM, burauza ce mai ci, kuma a ganina kwamfutar da ba ta kai gigabait 4 ba za ta wahalar da yara a intanet.

Shawarata ita ce kada ka wanke duka goman ka sa musu ita. Ka ɗauki guda ɗaya, ka ƙara mata katin sadarwa na biyu, ka mayar da ita mai tsaron ƙofa tsakanin rautar makaranta, wato na'urar da ke kawo intanet, da sauran kwamfutocin. Wannan shi ne aikin da OpenBSD ta fi ƙwarewa a kai, kuma duk kayan aikin suna cikinta tun daga girkawa: pf don tace abin da ke shiga da fita, dhcpd don raba wa kwamfutoci adireshi, unbound don neman sunayen shafuka. Ƙa'idojin katangar a fayil ɗaya ake rubuta su, /etc/pf.conf, kuma kafin ka ɗora sabuwar ƙa'ida ka riƙa gwada ta da pfctl -nf /etc/pf.conf, wanda zai nuna maka kuskuren rubutu ba tare da ya taɓa abin da ke aiki ba. Ka riƙe cewa a pf ƙa'idar ƙarshe da ta dace ita ke cin nasara, sai fa in an sa wa wata kalmar quick, domin wannan shi ne wurin da sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Sauran kwamfutocin, wani nau'in Linux kamar Debian ko Linux Mint zai fi yi wa ɗalibai sauƙi. Idan dole ne a bar Windows 7 a kan wasu saboda manhajar karatu, to a raba su da intanet, tunda Microsoft ta daina yi mata gyara tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. In kana da ɗalibai biyu ko uku masu ƙwazo, ka ba su guda ɗaya mai OpenBSD su yi ta kwancewa suna ɗaurawa. Littafin bayaninta yana cikin kwamfutar, ba ya buƙatar data, kuma da man afterboot ake fara karatun.

TAMBAYA: Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar mata masu turara shinkafa a ƙaramar hukumar Kura. Ƙanena ya sa mini OpenBSD a kwamfutar da nake rubuta adashi da bashin mambobi, ya koma makaranta. Batirinta ya mutu, da janareta nake aiki. Ran nan mai ya ƙare tana kunne, da na sake kunna ta sai ta tsaya a baƙin allo da rubutun Turanci mai cewa help. Lissafinmu ya tafi ke nan? Daga Hajiya Rabi, Kura.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, mafi yawan lokuta lissafin yana nan. Abin da ya faru shi ne, OpenBSD tana rubutu a faifan ajiya da wani tsari mai suna FFS, wanda ba ya riƙe kundin abin da yake cikin yi kamar yadda na Windows da na Linux ke yi. Idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, a tashi na gaba sai ta bi faifan kaf tana dubawa. Ƙananan kurakurai da kanta take gyarawa ta wuce, amma in ta tarar da wanda gyaransa zai iya taɓa fayil, sai ta tsaya ta nemi izini. Rubutun da kika gani, mai cewa binciken faifai ya gaza, neman izinin ke nan. A ƙasansa za ki ga tana tambayar wace manhajar karɓar umarni za ta buɗe. Ki danna Enter kawai, alamar # za ta fito, sai ki rubuta fsck -y ki sake danna Enter. Za ta yi ta zubo rubutu na ɗan lokaci. In ta gama, ki rubuta reboot. Idan akwai fayil ɗin da ya rabu da sunansa, za ki same shi a wata jaka mai suna lost+found da lamba a madadin suna, kuma sai mai ikon root, wato sunan shiga mai cikakken iko a kan kwamfutar, ne zai iya buɗe ta. Abin da kika rubuta a mintunan ƙarshe ba ki ajiye ba, shi kam ya tafi.

Wannan gyaran yau ne, amma in aka ci gaba da aiki da janareta ba batir, wata rana kuskuren zai faɗa kan fayil ɗin adashin kansa. Sabon batir ya fi kowane umarni da zan koya miki muhimmanci, kuma ana samun na tsofaffin Dell da HP da ThinkPad a wajen masu kayan kwamfuta na titin Beirut a Kano. In an sa shi, ki ce wa ƙanenki ya kunna mai kula da batir da umarni biyu, rcctl enable apmd da rcctl set apmd flags -A -Z 10, wato in caji ya sauko kashi 10 cikin 100 kuma babu wuta a jone, ta kwashe abin da take ciki ta ajiye a faifai ta kashe kanta cikin tsari. Ya gwada wannan a gabanki kafin ya tafi, saboda ba kowace kwamfuta ke karɓarsa lafiya ba. Ya kuma duba ƙaramin batirin agogo, mai kama da kwabo, yawanci lamba CR2032. In ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, shafukan banki su ƙi buɗewa suna ƙorafin takardar shaida, mutum ya zaci kutse aka yi masa alhali agogo ne ya ɓata.

Akwai wani abu da masu girka ta a ƙauye ke yawan mantawa. OpenBSD tana da aikin duba kai na kullum, wanda ke bincika ko an canza muhimman fayiloli ko izininsu, ya aika wa root rahoto a akwatin saƙon cikin kwamfutar. An saita shi ne ƙarfe ɗaya da rabi na dare, bisa zaton kwamfutar ba ta kwana a kashe. Taki kuwa a wannan lokaci tana cikin jaka, saboda haka wataƙila tun da aka girka ta aikin bai taɓa gudana ba. Da doas crontab -e ake gyara lokacin (doas shi ne umarnin da ke ara wa mutum ikon root), a mayar da shi wajen sha ɗaya na safe ko duk lokacin da kika saba aiki, sannan da umarnin mail ake karanta rahoton.

Sai maganar kwafi, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Kuɗin mutane ne, kuma a faifai ɗaya tak suke rubuce. Ki sayi filash biyu. Duk ranar taron adashi, bayan an rufe lissafi, ki kwafe fayil ɗin a ɗaya, mako mai zuwa a ɗayan, kuma guda ya riƙa kwana a gidan ma'ajiyar ƙungiya, kada ya zauna a jakar kwamfutar, tunda ɓarawo ko gobara ko ruwan damina ba sa zaɓe tsakanin kwamfuta da abin da ke gefenta. Lokaci-lokaci ki buɗe kwafin a gaban shugabar ƙungiya ki tabbatar yana karantuwa. Littafin takarda da kuke rubutawa a da, kada ku yar da shi.

Abu na ƙarshe, tunda kin ga da idonki cewa baƙin allon nan ya ba ki alamar # ba tare da ya nemi kalmar sirri ba: haka zai ba duk wanda ya ɗauki kwamfutar ya san abin da zai rubuta a farkon tashi. Ana iya sa shi ya riƙa tambaya ta hanyar cire kalmar secure daga layin console a fayil ɗin /etc/ttys, amma wanda ya ciro faifan ya jona a wata kwamfuta zai karanta komai. Maganin wannan shi ne kulle faifan gaba ɗaya, kuma tun siga ta 7.3 a 2023 mai girkawa yana tambaya ko ana so. Sai an sake girkawa daga farko, don haka a bari sai ƙanenki ya dawo hutu kuma kwafi biyun nan suna hannu. Kalmar buɗe faifan in ta ɓata babu wanda zai iya dawo da ita, har waɗanda suka rubuta manhajar, saboda haka a rubuta ta a takarda a rufe a ambulan a ba wanda ƙungiya ta amince da shi.

TAMBAYA: Malam, in na zo ɗora hoton fasfo a shafin neman gurbin karatu, burauza ba ta ganin jakar hotunana. Kuma in ana taro ta intanet ba a jin muryata. Kwamfutar ce ta lalace? Daga Nura, Kafin Hausa.

AMSA: Lafiyarta ƙalau, Nura, da gangan aka yi duka biyun. A OpenBSD an ɗaure Firefox da Chromium da wasu dabaru biyu, pledge da unveil, ta yadda daga cikin jakunkunanka Downloads kawai suke gani, sai kuma /tmp. Hikimar ita ce, in wani mugun shafi ya ci galabar burauzar, ba zai kai ga sauran takardunka ba. Ana iya sassauta ɗaurin, amma ban ba ka shawara ba. Ka kwafi hoton zuwa Downloads, ka ɗora, ka goge. Makirufo kuma a toshe yake zuwa, duk manhajar da ta nemi ɗaukar murya shiru take samu. Kafin taro ka rubuta doas sysctl kern.audio.record=1, in an tashi ka mayar da shi 0. Kyamara ma haka take da kern.video.record, sai dai ita tana buƙatar a ba sunanka izini a kan /dev/video0.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, a garinmu sai an hau tudu ake samun sabis mai ƙarfi, data kuma ta yi tsada. Na girka OpenBSD shekara biyu da suka wuce kuma tana aiki lafiya. Tunda an ce tana da tsaro, ba zan iya barin ta haka ba tare da sabuntawa ba? Daga Sulaiman, Gwaram.

AMSA: Ba za ka iya ba, Malam Sulaiman, in dai tana shiga intanet. OpenBSD tana fitar da sabuwar siga duk wata shida, ɗaya wajen Afrilu ko Mayu, ɗaya wajen Oktoba, kuma sigogi biyu na ƙarshe kawai ake yi wa faci. Ma'ana kowace siga shekara guda take da ita a raye. Taka ta wuce wa'adi da daɗewa, kuma duk ɓarakar da aka gano tun daga lokacin, wadda aka wallafa bayaninta kowa ya karanta, tana nan a buɗe a kwamfutarka. Burauzar da ta shekara biyu ba a taɓa ta ba ita ce ta fi ba ni tsoro, fiye da tsarin kansa.

Sabuntawar iri uku ce, kuma ba duka ke cin data ba. Umarnin syspatch, wanda ya zo a 2017, shi ke sauko da facin tsarin kansa, kuma yawanci ƙanana ne, ko da sabis mai rauni sukan sauka. Wannan ka riƙa yin sa duk mako ko biyu, in facin ya taɓa zuciyar tsarin sai ka kashe ka kunna. Na biyu shi ne pkg_add -u, mai sabunta manhajojin da ka ƙara, kuma nauyinsa ya danganta da yawan abin da ka tara, don haka duk wadda ba ka amfani da ita ka cire ta da pkg_delete, sannan pkg_delete -a ya share ragowar da ta bari. A wajen burauza na fi son firefox-esr ga mai irin halinka, saboda tana samun gyaran tsaro a tsakanin sigogi. Na uku shi ne sysupgrade, mai ɗaga ka zuwa siga ta gaba, wanda ke sauko da ɗaruruwan megabait sau biyu a shekara. Dabarar da za ta yi maka amfani ita ce sysupgrade -n: zai sauko da komai, ya tabbatar da sa hannun masu aikin a kai, ya ajiye, amma ba zai sake tashin kwamfutar ba. Kana iya yin wannan ranar da ka shiga Birnin Kudu ko Dutse, ko da datar dare mai rahusa, sannan ka sake kunna ta lokacin da batir ya cika, domin yankewar wuta a tsakiyar ɗagawa ita ce abin gudu. Bayan ta tashi sai sysmerge, mai daidaita fayilolin saiti, da pkg_add -u.

Matsalarka ita ce ba a tsallake siga, daga ɗaya sai mai bi mata. Wanda aka bari a baya da sigogi huɗu, ɗagawa huɗu ke gabansa. Ya fi maka arha ka kwafe takardunka, ka sauko da faifan girkawa na sabuwar siga, wanda bai kai gigabait ɗaya ba, ka girka daga farko. Ka tanadi wayar caji mai ɗaukar data, saboda manhajar da ke tayar da katin wayfay na Intel ba ta zuwa a cikin faifan girkawa, sai an sauko da ita da fw_update, kuma wayoyin Android da yawa in aka jona su aka kunna raba intanet ta waya, OpenBSD tana ganinsu a matsayin urndis0. Masu kwamfuta fiye da ɗaya kuma, irin su Malam Habibu na sama, su saita PKG_CACHE a guda ɗaya, duk manhajar da ta sauko za ta bar kwafi a jakar da aka nuna, sai a ɗauka a filash a girka wa sauran ba tare da an sake biyan data ba.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu da hoto a kusa da kasuwar Gujungu, yara biyu ke taya ni. Na ba su kalmar sirrin root saboda in ba na nan sai sun buɗe filash ɗin kwastoma kuma sun kashe kwamfuta da yamma. Wani ya ce kuskure ne. To yaya zan yi? Daga Alhaji Ubale, Taura.

AMSA: Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya, Alhaji. Ba wa yaro root don ya kashe kwamfuta daidai yake da miƙa masa makullin sito da na akwatin kuɗi don ya ɗauko tsintsiya. Ba sai yana da mugun nufi ba, umarni ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ya isa ya share aikin kwastomomi na wata guda, kuma tunda ku uku da suna ɗaya kuke shiga, ba za a taɓa sanin hannun wa ne ba, sai zargi ya shiga tsakani.

Yau ɗin nan ka canza kalmar da passwd root. Sannan ka buɗe wa kowane yaro nasa sunan da adduser, kada ka sa su a rukunin wheel, wanda na masu gida ne. Abin da suke buƙata na iko kuma, doas ne zai ba su gwargwado. Wannan ƙaramin umarni ya zo a 2015 ya maye gurbin sudo a cikin tsarin, kuma ƙa'idojinsa a /etc/doas.conf ake rubuta su. Fayil ɗin ba ya nan sai ka ƙirƙira, akwai samfurinsa a /etc/examples. Layin permit persist :wheel zai ba ka kai cikakken iko bayan ka sa taka kalmar sirrin, ya kuma ɗaga maka ƙafa na minti biyar kafin ya sake tambaya. Ga yaro mai suna musa a kwamfutar, layin permit nopass musa cmd /sbin/shutdown args -p now zai ba shi damar kashewa kawai, da waɗannan kalmomi daidai, ko harafi ɗaya ya canza za a hana shi. Irin wannan layi za ka rubuta na buɗe filash da na cire shi. Duk abin da aka yi da doas yana shiga /var/log/secure da suna da lokaci, umarnin last kuma yana nuna wanda ya shiga da sa'ar da ya fita.

Game da filash, OpenBSD ba ta buɗe shi da kanta in an soka, kuma a shago irin naka wannan alheri ne. Mafi yawansu da mount -o ro,noexec /dev/sd1i /mnt za su buɗu, lambar sd ɗin tana iya bambanta, dmesg zai nuna maka. Kalmar ro tana nufin karatu kawai, wato ba za a iya goge wa kwastoma komai bisa kuskure ba, noexec kuma tana hana duk wata manhaja da ke ciki tashi. Manyan filash na zamani masu tsarin exFAT sai ka girka exfat-fuse. Ka sani cewa bairos ɗin Windows da ke cikin filash ba zai kama ka ba, amma yana nan a ciki, in ka kwafe shi zuwa na wani ka yaɗa masa, don haka takardar da za a buga kaɗai ake ɗauka. Idan kuma a lokacin girkawa ka amsa cewa a kunna sshd, wato ƙofar OpenSSH, alhali ba ka shiga kwamfutar daga nesa, ka rufe shi da rcctl stop sshd da rcctl disable sshd. Ƙurar kasuwa da zafin bazara ma suna cikin lissafi: sysctl hw.sensors yana nuna zafin injin, in ka ga yana hawa fiye da yadda ka saba gani, lokacin buɗewa a hure fanka ya yi. Kuma tunda kana buga takardun Hausa, setxkbmap -layout ng -variant hausa zai ba ka ɓ da ɗ da ƙ a kan madannai.

TAMBAYA: Ina aikin tattara bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. An ce mini Qubes da Tails sun fi OpenBSD tsaro. Wanne zan ɗauka? Daga Malama Zainab, Babura.

AMSA: Malama Zainab, kowanne da abin da yake karewa. Qubes, wanda Joanna Rutkowska ta ƙasar Folan ta fara kuma sigarsa ta farko ta fito a 2012, yana raba kwamfuta ɗaya zuwa ɗakuna da ba sa ganin juna, ta yadda in an kutsa ɗakin burauza, ɗakin takardun aiki yana nan lafiya. Dabara ce mai kyau, amma masu shi suna ba da shawarar RAM gigabait 16, yana buƙatar inji mai wasu siffofi na musamman, kuma yana shan batir, abin da ke da nauyi ga mai dogaro da sola. Tails kuwa daga filash yake tashi, yana bi da duk zirga-zirgar intanet ta hanyar Tor mai ɓoye sawun mai amfani, in an kashe kuma ya manta komai sai abin da aka ware masa wurin ajiya na musamman. An yi shi ne don 'yan jarida da masu gudun a bi sawunsu, bai dace da rajistar da ake ƙara wa suna kullum ba, kuma Tor a kan sabis mai rauni sai haƙuri.

Kafin duk wannan, ki fara tambayar shugaban sashenku. Idan kwamfutar ta hukuma ce, ko manhajar shigar da bayanan don Windows ko Android aka yi ta, canza tsarin ba hurumin ma'aikaci ɗaya ba ne. Idan taki ce kuma ta burauza ko LibreOffice kike aikin, OpenBSD da kullallen faifai ta wadatar, muddin sunan da kike shiga da shi naki ne ke kaɗai, allon yana kulle kansa in kin tashi duba mara lafiya, kuma filash ɗin da kike kai rahoto da shi hedikwatar ƙaramar hukuma ba ya ɗauke da sunayen mutane sai alƙaluman da aka nema.